Kabewa da Tsutsar Ciki a Kiwon Kunkuru: Abinci Ce ko Magani?

Tsakure

Kunkuru na daga cikin dabbobin da ake ajiyewa a gida domin sha'awa, a ƙasar Hausa da kuma ƙasashen Turai da Amurka. A tsakanin masu kiwonsa akwai wata magana da ta yaɗu, cewa ciyar da shi kabewa, musamman 'ya'yanta, yana kashe tsutsar ciki ba tare da an nemi maganin asibiti ba. Wannan maƙala ta bibiyi tushen maganar, ta dubi irin tsutsotsin da ke zaune a hanjin kunkuru da yadda suke yaɗuwa, sannan ta auna abin da kabewa ke ɗauke da shi da abin da jikin kunkuru ke buƙata. An ɗauki kunkurun Sahel a matsayin misali, kasancewarsa ɗan asalin yankin da Hausawa ke zaune. Maƙalar ta nuna cewa kabewa abinci ce mai amfani idan an ba da ita kaɗan, amma ba ta tsayawa a madadin gwajin kashi da tsaftar makwanci.

Fitilun kalmomi: kunkuru, kabewa, tsutsar ciki, kukurbitin, kiwo

1.0 Gabatarwa

Kunkurun Sahel, wanda masana kimiyyar dabbobi ke kira Centrochelys sulcata, shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na tsibirin Aldabra. Mazauninsa na asali ya miƙe daga Senegal da Muritaniya, ya ratso Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har zuwa Sudan da Habasha. Babban namiji yakan wuce kilo 50, kuma idan ya sami kulawa yakan yi fiye da shekara 50 a raye. Saboda haka wanda ya ajiye shi ya ɗauki nauyin da zai iya wuce tsawon rayuwarsa.

Wannan dabba tana raguwa a daji. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji domin kasuwanci, kuma ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A ɗaya ɓangaren kuma, ana hayayyafa shi da yawa a gidajen kiwo na Amurka, inda ya zama ɗaya daga cikin kunkuran da aka fi ajiyewa. Daga can ne shawarwarin kiwo iri-iri ke yaɗuwa zuwa sauran duniya, ciki har da batun kabewa. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me kabewa ke iya yi wa kunkuru, me kuma ba ta iya yi masa?

2.0 Mazauna Hanjin Kunkuru

Kunkurun Sahel maciyin ciyawa ne. Cikinsa ba ya narkar da ciyawa shi kaɗai. A babban hanjinsa ne ƙananan halittu ke ruɓar da zaren ciyawar, su fitar da abin da jiki zai sha. Aikin yana tafiya a hankali, domin abincin yakan yi kwanaki da yawa, wani lokaci makonni, kafin ya fita. Hanjin da ke aiki haka cike yake da rayuka, kuma ba dukkansu ne abokan gaba ba.

Waɗanda aka fi gani a gwajin kashi su ne ƙananan tsutsotsi farare na dangin Oxyuridae da makusantansu, masu kama da guntun zare. Suna zaune a babban hanji, suna cin abin da ke cikinsa, ba sa huda bango su shiga wasu gaɓoɓi. Likitocin dabbobi masu rarrafe da yawa suna ɗaukar su a matsayin maƙwabta marasa cutarwa matuƙar ba su yi yawa ba. Haka nan wasu halittu masu ƙwayar rai guda, irin su Nyctotherus da Balantidium, ana samun su a kashin kunkuru mai ƙoshin lafiya.

Akwai kuma masu haɗari. Macijin ciki na kunkuru, wato Angusticaecum, dogo ne mai kauri, kuma idan ya taru yakan toshe hanji. Hexamita parva takan kama ƙoda ta lalata ta. Wata cutar kuma, wadda ƙwayarta ke shiga can cikin tsakiyar ƙwayoyin jiki, tana bazuwa zuwa gaɓoɓi da yawa ta yi kisa. Tsila, wato doguwar tsutsa mai gaɓa-gaɓa, ba ta cika samuwa a kunkuru maciyin ciyawa ba, domin rayuwarta na buƙatar ta ratsa jikin wata dabba kafin ta iso gare shi. Wannan bayani kan tsila yana da muhimmanci ga batun kabewa, kamar yadda za a gani nan gaba.

Abin da ke mayar da maƙwabci abokin gaba shi ne yawa, yawan kuma daga ƙunci yake fitowa. Ƙananan tsutsotsin nan ba sa buƙatar wata dabba a tsakani: ƙwai yana fita da kashi, ya gauraya da ƙasa ko abinci ko ruwa, kunkuru ya sake haɗiye shi. A daji, dabbar tana kiwo a fili mai faɗi, ta bar kashinta a baya, rana ta busar da shi. A tsakar gida kuwa, wurin cin abinci da wurin kashi taku kaɗan ne ke tsakaninsu, don haka kowane mako tana ƙara wa kanta kaya.

3.0 Tushen Maganar Kabewa

Maganar ba ta faɗo daga sama ba. Kabewa 'yar asalin nahiyar Amurka ce. An sami 'ya'yanta da aka noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce a wani kogo a jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko. Mutanen asalin nahiyar sun daɗe suna amfani da 'ya'yanta wajen fitar da tsutsar ciki, kuma kundin magunguna na Amurka ya lissafa su a matsayin maganin tsutsa daga 1863 zuwa 1936. A farkon shekarun 1960 masana kimiyyar haɗa sinadarai a ƙasar Sin suka ware wani sinadari daga 'ya'yan, wanda aka sa wa suna kukurbitin. Aikinsa shi ne sandarar da tsutsa ta kasa riƙe bangon hanji.

A yankin Sichuan na ƙasar Sin an yi amfani da wannan hanya ga mutane masu tsila, kuma rahoton da aka buga a 2012 ya nuna ta yi aiki ga mafi yawansu. Sai dai yana da kyau a dubi yadda aka yi. An ba majiyyaci ɓararrun 'ya'yan kabewa masu yawa da safe kafin ya ci komai, aka biyo da ruwan ɗan itacen areka, sannan aka ba shi maganin zawo domin a kore tsutsar kafin ta farfaɗo. Abubuwa uku ne suka haɗu, a kan tsutsa iri guda, a hanjin da ke fitar da abin da ke cikinsa cikin sa'o'i.

Gwaji a kan dabbobi ya ba da sakamako mabambanta. Wani bincike da aka yi a kan jimina a arewa maso gabashin Burazil ya sami raguwar ƙwan tsutsa a kashi bayan an ba su garin 'ya'yan kabewa. Wani kuma da aka yi a kan 'yan awaki da 'yan tumaki a jihar Delaware ta Amurka bai sami raguwa mai ma'ana ba. Waɗannan hujjoji daga mutum da tsuntsu da dabbobin ni'ima suka fito, dukkansu masu ɗumin jini. Kai su ga kunkuru ƙiyasi ne, kuma ƙiyasin yana cin karo da abubuwa uku.

Na farko, kukurbitin a cikin 'ya'ya yake taruwa, alhali abin da aka fi ba kunkuru shi ne tsokar kabewar. Na biyu, tsila ce tsutsar da aka fi shaidar tasirinsa a kanta, ita kuwa ba ita ce matsalar kunkuru ba. Na uku, tsutsar da aka sandarar sai an kore ta da sauri, hanjin kunkuru kuwa ba ya sauri.

To, me ya sa masu kiwo ke cewa sun gani da idonsu? Tsokar kabewa kusan duk ruwa ce. Kunkurun da ya saba da busasshiyar ciyawa, idan ya ci ta ya ƙoshi, kashinsa yakan saki, tsutsotsin da ke ƙarshen hanji su biyo shi. Mai gida ya ga farar tsutsa a ƙasa, ya ce magani ya ci. Amma fitar ɗaiɗaiku ba ta nuna abin da ya rage a ciki, kuma ƙwan da ke ƙasar makwanci yana nan yana jira. Lokacin shekara ma ya taimaka wa maganar: a Amurka da Turai kabewa tana cika kasuwa a watannin Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da masu kiwon kunkuran yankin Bahar Rum ke duba lafiyarsu kafin barcin hunturu. Al'adar ba da kabewa a wannan lokaci ta zauna, sannan aka miƙa ta ga kunkurun Sahel, wanda shi ba ya barcin hunturu ko kaɗan.

4.0 Kabewa a Ma'aunin Abinci

Ƙwaryar kunkuru ƙashi ce mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne suka haɗu suka gina ta. Saboda haka buƙatarsa ta sinadarin kalsiyam babba ce, kuma masana abincin dabbobi masu rarrafe sun fi son kalsiyam ya ninka fosforas aƙalla sau biyu a abincinsa. Idan fosforas ya rinjaya na tsawon lokaci, jiki yakan zaro kalsiyam daga ƙashi, ƙwarya ta yi laushi, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki.

Bisa ƙididdigar Ma'aikatar Noma ta Amurka, giram 100 na ɗanyar tsokar kabewa yana ɗauke da ruwa kusan kashi 92 cikin ɗari, da kalsiyam miligiram 21, da fosforas miligiram 44, zare kuwa rabin giram kawai. Wato lissafin ya juye: fosforas ne ya ninka kalsiyam. Busassun 'ya'yan sun fi haka nisa da buƙatar kunkuru. A giram 100 akwai kitse kusan giram 49, da furotin kimanin giram 30, da fosforas sama da miligiram 1,200, kalsiyam kuwa bai kai miligiram 50 ba. Dabbar da jikinta ya ginu a kan ciyawa mai yawan zare da ƙarancin furotin ba ta dace da irin wannan abinci ba. Ragowar furotin a jikin kunkuru yana zama sinadarin yurik, wato farin abin nan da yake fitarwa tare da fitsari, kuma idan ya yi yawa ga ƙarancin ruwa, sai ya dunƙule ya zama tsakuwa a mafitsara, matsalar da aka san kunkurun Sahel da ita. Nan ne tarkon yake: adadin 'ya'yan da za a yi tsammanin ya taɓa tsutsa shi ne adadin da zai wahalar da ƙoda.

Wannan ba ya nufin kabewa ba ta da gurbi. Launin ruwan ɗorawa na tsokarta daga sinadarin karotin yake, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, mai kula da lafiyar ido da fata da hanyoyin numfashi. Ruwanta yana taimakon kunkurun da kashi ya ɗaure masa. Yawancinsu suna son ta, don haka likita kan iya ɓoye magani a cikinta, ko a jawo hankalin wanda ya ƙi cin abinci da ita. Ganyenta da furenta ma suna ciyuwa. Hanyar da ta dace ita ce a ba da ɗanya, a goge ta ko a yanka ƙanana, a barbaɗa a kan ciyawa, yanki kaɗan jefi-jefi. Ba a ba da ragowar miyar taushe ko faten kabewa, saboda gishiri da mai da albasa da ke ciki.

Akwai gargaɗi kan sunaye biyu masu kama da juna. Kukurbitin daban, kukurbitasin daban. Na biyun shi ne sinadari mai ɗaci da ke cikin kwartowa da duma mai ɗaci da wasu kabewoyin ado, kuma guba ne mai ƙona hanji. Duk ɗan wannan dangi da aka ɗanɗana aka ji ɗaci, ba na ci ba ne ga mutum ko dabba.

Ginshiƙin abincin kunkurun Sahel ciyawa ce, ɗanya da busasshiya, kuma ita ya kamata ta zama mafi rinjayen abin da yake ci. Mai kiwo a ƙasar Hausa yana da sa'a a nan, domin gude-gude da harkiya da kyasuwa da kiri-kiri suna tsirowa a bakin gona da bayan gari. Ana iya ƙarawa da ganyen rama da na yakuwa kaɗan. Abin kiyayewa shi ne kada a yanko daga inda aka yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari.

5.0 Kariya ta Hanyar Kulawa

Idan ana neman hanyar rage tsutsa ba tare da magani ba, tana nan, amma a makwanci take, ba a kwanon abinci ba. Tun da ƙwai ta kashi yake fita ya dawo ta baki, duk abin da ya raba kashi da baki ya yanke zagayen.

Abu na farko shi ne kwashe kashi kowace rana. Na biyu, sanya abinci a kan faranti ko faffaɗan dutse da ake wankewa. Na uku, sauya ruwan sha kullum, domin kunkuru yana da ɗabi'ar yin kashi idan ya shiga ruwa. Masu kiwo suna amfani da wannan ɗabi'a: su jiƙa shi a ruwa mai ɗumi marar zurfi na 'yan mintoci, ya sha, ya yi kashi a ciki, a zubar nesa da wurinsa. Na huɗu, faɗin wuri. Inda hali ya yi, a raba filin gida biyu, a bar ɗaya ya huta rana ta gasa shi, a kuma kankare ƙasar saman makwanci lokaci-lokaci a zuba sabuwa.

Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa. Daga rana yake samu. Narkar da abinci da ƙarfin garkuwar jikinsa duk sun rataya a kan zafin da ya samu, kuma hasken rana kai tsaye ne ke ba fatarsa damar yin bitamin D da ake buƙata wajen shan kalsiyam. Yana kuma buƙatar inuwa da wurin haƙa rami, domin a daji ramin ne ke kare shi daga zafin bazara da sanyin hunturu da bushewar jiki. Wanda aka ɗaure a kan siminti, ko aka huda gefen ƙwaryarsa aka zura igiya, yana cikin wahalar da ke raunana jiki, raunin kuma shi ke ba tsutsa dama.

Sabon kunkuru ba a haɗa shi da na gida nan take. A keɓe shi aƙalla wata uku, a gwada kashinsa, a duba hammatarsa da gindin wutsiya da wuya ko akwai kaska. Batun kaska ya wuce lafiyar kunkuru kaɗai: a shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da kunkurun Sahel da wasu nau'o'i biyu daga Afirka saboda kaskar dangin Amblyomma da ake samu a jikinsu, wadda ke iya ɗaukar cutar da ke tara ruwa a jakar zuciyar shanu da tumaki da awaki. A gidan da ake kiwon dabbobi wannan abin lura ne. Shi ma mai kiwo ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa kunkuru ko kashinsa, saboda ƙwayar Salmonella da dabbobi masu rarrafe kan ɗauka ba tare da sun nuna alama ba.

6.0 Gwaji da Magani

Kunkuru ba ya saurin nuna ciwo, kuma ƙwarya tana ɓoye rama. Shi ya sa auna nauyinsa sau ɗaya a wata, a rubuta, ya fi kallon ido. Raguwar nauyi alhali yana ci, zawo mai ɗorewa, majina ko jini a kashi, amai, ƙin abinci da faɗawar ido, alamu ne na a garzaya wurin likita.

Gwajin kashi ba shi da wuya. Ana kai ɗanyen kashi, a dama shi a ruwan gishiri ko na sukari mai kauri, ƙwan tsutsa ya taso sama, a duba a madubin hangen ƙananan halittu. Da haka ake sanin wace iri ce da kuma yawanta, sannan a yanke shawarar ko akwai buƙatar magani. Irin wannan gwaji aikin yau da kullum ne a asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitancin dabbobi, kamar na Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar ga mai lafiya.

Idan magani ya zama dole, fenbendazol ne aka fi amfani da shi ga tsutsotsi, metronidazol kuma ga masu ƙwayar rai guda. Likita ne ke auna su bisa nauyin dabbar, domin an nuna cewa fenbendazol yana iya rage fararen ƙwayoyin jinin kunkuru. Bayan an gama sai a maimaita gwaji, a kuma sauya ƙasar makwanci, in ba haka ba an yi aikin baban giwa.

Gargaɗi mafi girma ya shafi ibamektin, wanda ake rubuta Ivermectin a jikin kwalba. Makiyaya sun san shi sarai, domin shi ake yi wa shanu da tumaki allura saboda tsutsa da kaska, kuma ana samun sa a shagunan maganin dabbobi. Ga kunkuru kuwa guba ne. Tun a 1983 likitocin dabbobi a Amurka suka ba da rahoton yadda yake shanye jikin kunkuru har ya kai ga mutuwa. Abin da ya yi wa rago amfani yana iya kashe kunkuru da allura guda. Haka nan jiƙon maɗaci ko darbejiya ko tafarnuwa da ake ba wasu dabbobi: sunan gargajiya ba ya cire wa abu ƙarfi, kuma ɗura wa kunkuru ruwa da ƙarfi yana iya kai shi huhu.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa maganar kabewa tana da tushe a tarihin magani, domin 'ya'yanta na ɗauke da kukurbitin da aka yi amfani da shi ga tsilar mutane. Sai dai tsutsar kunkuru daban ce, hanjinsa daban ne, kuma 'ya'yan da ke ɗauke da sinadarin sun yi wa jikinsa nauyi. Haɗarin bai tsaya ga yankin kabewar da aka ba shi ba. Ya fi yawa a watannin da mai kiwo zai yi yana ganin ya yi magani, alhali dabbar tana ramewa a cikin ƙwaryarta. Kabewa ta zauna a gurbinta na ƙarin abinci, ciyawa ta zama ginshiƙi, a kwashe kashi kullum, a ba shi rana da inuwa da fili, a kai kashinsa gwaji kafin a ba shi kowane irin magani. Ga dabbar da ke raguwa a dajin Sahel, kowane ɗaya da ke tsakar gida ya cancanci wannan kulawa.